Kimiyya da Fasaha: Sabbin ƙa'idojin rubutun da ke jikin kwalayen abinci a Saudiyya

 A yau shirin zai yada zango ne a birnin Jidda na ƙasar Saudiyya, musamman unguwar Mahjar da maƙwabtanta da ke kudancin birnin, yankin da Hausawa 'yan Najeriya da Nijar suka daɗe suna hada-hada a cikinsa, inda za mu duba sauye-sauyen da mahukuntan ƙasar suka yi wa ƙa'idojin rubutun da ake bugawa a jikin leda da kwali da gwangwanin abinci. Me wannan rubutu yake cewa, me ya sa aka sauya shi, kuma ta yaya zai amfane ka idan ka shiga baƙala sayen kayan masarufi? Sai a gyara zama.

Shi dai mutumin da ya tashi a Kano ko Maraɗi ya saba ne da cinikin abin da idonsa ke gani. Idan gero ne zai ɗebo ya murza a tafin hannu, idan man gyaɗa ne zai sansana, idan kuwa nono ne zai ɗanɗana kafin ya biya. To amma a birni irin Jidda, inda akasarin abincin da ake ci shigo da shi ake yi daga ƙetare ko kuma a sarrafa shi a masana'antu, yawancin abin da uwar gida za ta ɗauko daga kan kanta a rufe yake ruf. Biskit ne, ko taliyar yara, ko madarar gwangwani, ko lemo, babu halin ɗanɗanawa balle a san abin da aka zuba a ciki. Ka ga ke nan in ba don ɗan rubutun nan da ke bayan fakitin ba, da cinikin ya zama na biri a sama.

Batun kuwa ya wuce na ciniki kawai, domin ya shafi lafiya kai tsaye. Alƙaluman da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta bayar a shekarar 2021 sun yi nuni da cewa baligai sama da miliyan 4 ne ke fama da ciwon sukari a Saudiyya, abin da ya sanya ƙasar a sahun waɗanda cutar ta fi yi wa katutu a duniya. Ga kuma hawan jini da ƙiba da cututtukan zuciya, waɗanda dukkansu ke da nasaba da abubuwa uku da suka yi yawa a abincin masana'antu, wato sukari da gishiri da kitse. Cututtukan nan ba sa tambayar mutum fasfo ko iƙama. Duk wanda ke cin abincin gari, to abin da ya samu 'yan gari shi ma zai iya samunsa, ga shi kuwa jinyar ciwon sukari ko ta ƙoda aba ce mai cin kuɗi matuƙa, musamman ga baƙon da ke neman na kansa.

Kafin mu shiga cikin ƙa'idojin na Saudiyya, bari mu ɗan waiwaya baya mu ga inda aka faro. A shekarar 1963 ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa wani kwamiti mai suna Codex Alimentarius domin tsara ma'aunan abinci da ƙasashe za su riƙa koyi da su, kuma a 1985 kwamitin ya fitar da jagora a kan yadda za a riƙa rubuta sinadaran gina jiki a jikin kayan abinci. Amurka ta kafa dokarta a 1990, inda daga 1994 aka fara ganin ɗan akwatin nan mai layi-layi a bayan kusan kowane fakiti. A watan Mayun 2016 Amurkan ta sake fasalin akwatin, ta ƙara girman rubutun kalori, ta gyara awon abin da ake ɗauka mutum zai ci a zama ɗaya, sannan ta shigo da wani sabon layi na sukarin da kamfani ya ƙara da hannunsa. Manyan kamfanoni an ba su wa'adi zuwa farkon 2020, ƙanana kuma zuwa farkon 2021.

A yankin Tekun Fasha kuwa, akwai wata hukumar ma'aunai ta haɗin gwiwa mai hedkwata a Riyad, wadda a shekarar 2012 ta fitar da ƙa'ida mai lamba 2233 a kan rubuta bayanan gina jiki. Mai aiwatar da ita a cikin Saudiyya ita ce Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, SFDA, wadda aka kafa a 2003, kwatankwacin NAFDAC ke nan a Najeriya. A shekarar 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri na inganta cimar jama'a, a ƙarƙashin manufofin ƙasar na 2030, kuma a wannan shekarar ce ta sabunta ƙa'idar rubutun, inda ita ma ta shigo da layin sukarin da aka ƙara. A yanzu haka, baya ga sunan kaya da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su da kwanan watan lalacewarsa, wajibi ne a nuna yawan kalori da kitse da ire-irensa da sodiyam da sukari da furotin, kuma dole bayanin ya kasance da Larabci, ko da an haɗa da wani harshen.

To yanzu mai sauraro, ɗauko duk wani fakiti da ke kusa da kai, ka juya bayansa, mu karanta tare.

Abu na farko da za ka nema, tun kafin ka dubi kowane adadi, shi ne layin da ke can sama wanda da Larabci aka rubuta hajmul hissa, wato girman kaso ɗaya. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Alƙaluman da ke cikin akwatin an lissafa su ne ko dai a kan giram 100, ko mililita 100, ko kuma a kan wannan kaso ɗaya, alhali fakitin zai iya ƙunsar kaso uku ko huɗu. Mu yi misali. A ce fakitin biskit nauyinsa giram 120, an rubuta cewa kaso ɗaya giram 30 ne mai kalori 150. Idan ka zauna da kofin shayi ka cinye fakitin baki ɗaya, to kaso huɗu ka ci, wato kalori 600, haka nan sukarin da kitsen da aka rubuta duk sai ka ninka su sau huɗu. Saboda haka idan kana son gwada kaya biyu ka ga wanne ya fi, ka gwada su a kan giram 100, domin kowane kamfani na iya zuwa da nasa girman kason.

Abu na biyu shi ne kalori, wanda Larabawa ke kira su'urat harariyya. Kalori awo ne na kuzarin da abinci ke bai wa jiki, kamar yadda ake auna mai da lita. Giram ɗaya na sitaci ko sukari na ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin shi ma 4, amma giram ɗaya na kitse kalori 9 yake bayarwa, fiye da ninki biyu ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan ƙaramin soyayyen abu kan fi babban kwanon dafaffen abinci kalori. Akan ɗauki kalori 2,000 a matsayin matsakaicin abin da baligi ke buƙata a rana, kuma a kansa ake lissafa kason nan na cikin ɗari da kake gani a gefen dama ko hagu na akwatin. To sai dai wannan ƙiyasi ne kawai, domin buƙatar lebura mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta fi ta direban da ke wuni a zaune, haka kuma ta yaro ta bambanta da ta babba. Abin da jiki bai ƙona ba, shi yake mayarwa kitse ya adana.

Sai abu na uku, wanda shi ne babban sauyin da aka samu, wato sukari. A da layi ɗaya ne tak, jimillar sukarin da ke cikin abincin. Yanzu a ƙarƙashinsa za ka ga wani layin da aka rubuta sukkar mudaf, ma'ana sukarin da aka ƙara. Hikimar raba su biyu ita ce, akwai sukarin da Allah Ya halitta a cikin abinci, kamar wanda ke cikin madara da 'ya'yan itatuwa, akwai kuma wanda aka ɗebo aka zuba domin zaƙi. Kindirmo ko laban da ba a sa masa komai ba zai nuna yana da ɗan sukari, amma a layin wanda aka ƙara sai ka ga sifili. Irinsa mai ɗanɗanon 'ya'yan itace kuwa sau da yawa layin na biyu ne ke tona asirinsa.

Nawa ne ya yi yawa? Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi, kuma idan aka rage shi zuwa giram 25 ya fi alheri. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan lissafi ita ce ka raba adadin giram ɗin gida huɗu, domin ƙaramin cokalin shayi ɗaya na ɗaukar kimanin giram 4. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 kan ƙunshi sukari wajen giram 35, wato kusan cokali 9. Babu wanda zai zuba cokali tara a kofin shayi ɗaya ya sha, amma a cikin lemo mai sanyi, ga kuma zafin Jidda, mutum zai shanye bai ma ji ba, watakila ma ya ƙara na biyu.

Akwai kuma wani hanzari a nan da ya kamata a lura da shi. Ruwan 'ya'yan itace da aka rubuta cewa ba a ƙara masa sukari ba, gaskiya ne ba a ƙara ba, to amma da zarar an matse lemo ko mangwaro aka zubar da tuƙarsa, sukarin da ke ciki kan shiga jini da sauri. Shi ya sa a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ruwan 'ya'yan itace da zuma duk suna cikin rukunin sukarin da ake so a taƙaita. Hakazalika dabino, abinci ne mai albarka, amma fiye da rabin nauyin busasshensa sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita a kan adadin da ya dace da shi, musamman a watan azumi lokacin da ake haɗa shi da kayan sha masu zaƙi a wajen buɗa baki.

Abu na huɗu shi ne gishiri, kuma a nan ma akwai ɗan ruɗani, saboda kalmar da za ka gani a cikin akwatin ita ce sodiyam, da awon miligiram. Shi gishirin da muke ci haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin, kuma sodiyam ɗin ne ke sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, matsinsa ya hau. Idan haka ta daɗe sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ko lalacewar ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam, amma a matsakaicin lissafi mutanen duniya na cin fiye da ninki biyu na wannan adadi. Idan kana son mayar da sodiyam zuwa gishiri, sai ka ninka shi sau biyu da rabi. A ce ka ga an rubuta miligiram 1,200 a fakitin taliyar yara, to gishiri giram 3 ke nan, fiye da rabin kasonka na yini a kwano ɗaya. Uwar gida kuma ta tuna cewa dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, saboda haka idan an sa shi, sai a ja hannu wajen barbaɗa gishirin. Cuku da zaitun na kwalba da kifin gwangwani da naman da aka sarrafa su ma wurare ne da gishiri ke ɓuya.

Na biyar shi ne kitse, wanda aka rubuta duhun. A ƙarƙashinsa akwai layuka biyu da suka cancanci kulawa. Na farko duhun mushabba'a, shi ne kitsen nan mai daskarewa da ake samu a man shanu da kitsen nama da manja da man kwakwa, wanda ake so kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini. Na biyun kuwa, duhun mutahawwila, za mu iya kiransa jirkitaccen kitse, kuma labarinsa ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa.

A shekarar 1902 wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai mai suna Wilhelm Normann ya yi rajistar wata dabara ta cusa iskar haidirojin a cikin man girki mai ruwa-ruwa har ya daskare. Masana'antu sun yi maraba da wannan fasaha, domin man da aka yi wa haka yana da araha, ba ya saurin lalacewa, ga shi yana sa biskit da kek su daɗe a kan kanta. Sai bayan shekaru da dama bincike ya tabbatar da cewa a yayin wannan aiki, idan ba a kai shi ƙarshe ba, siffar wasu ƙwayoyin man kan jirkice, kuma irin wannan kitse na yi wa jiki illa biyu a lokaci guda. Yana ƙara mugun kolestarol da ke toshe jijiyoyin jini, yana kuma rage mai kyan da ke share su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana da hannu a mutuwar mutane sama da 278,000 a kowace shekara. Ƙasar Denmark ce ta fara taka masa burki a 2003, kana a 2018 hukumar ta yi kira ga ƙasashen duniya da su kawar da shi baki ɗaya.

A kan wannan batu Saudiyya ba ta tsaya ga rubutu kawai ba. A 2017 ta ƙayyade cewa jirkitaccen kitse kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a man girki da bota mai laushi, da kashi 5 cikin 100 na kitsen sauran abinci, sannan daga ranar 1 ga watan Janairun 2020 ta haramta amfani da man da aka yi wa wannan rabin daskarwa kwata-kwata. A watan Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe biyar takardar shaidar yabo a kan wannan yaƙi, wato Denmark da Lituweniya da Poland da Tailan da kuma Saudiyya. A shekarar 2019 ma an ƙayyade gishirin da ake sa wa burodi, kada ya wuce giram 1 a cikin kowane giram 100. Alfanun irin waɗannan matakai shi ne suna kare kowa da kowa, da wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba, tun da abincin kansa aka gyara.

Wani matakin kuma ta aljihu ya biyo. A watan Yunin 2017 gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon kwalba, da kashi 100 cikin 100 a kan kayan shan nan masu ƙara kuzari, sannan a watan Disambar 2019 aka faɗaɗa harajin ya haɗa da sauran kayan sha da aka ƙara wa zaƙi. Daga farkon shekarar 2026 kuma aka koma lissafa harajin kayan sha masu zaƙi gwargwadon yawan sukarin da ke cikin kowace mililita 100, ta yadda mai sukari da yawa zai fi biya. Manufar ita ce kamfanoni su rage sukarin da kansu domin kayansu su yi sauƙi. A nan za ka ga yadda rubutun bayan gwangwani da farashin da ke gabansa suka zama abu ɗaya.

Ƙa'idojin ba su bar gidajen abinci a baya ba. Tun daga farkon 2019 aka wajabta wa gidajen cin abinci da na shan gahawa su rubuta yawan kalori a gaban kowane abinci da ke cikin jerin abin da suke sayarwa. Daga ranar 1 ga watan Yulin 2025 kuma aka ƙara wasu sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a sa hoton 'yar kwalbar barbaɗa gishiri a gefen duk abincin da gishirinsa ya wuce giram 5, wato wanda shi kaɗai ya cinye kason mutum na yini. Na biyu, a bayyana yawan sinadarin kafeyin da ke cikin abin sha. Na uku, a nuna tsawon lokacin da mutum zai ɗauka yana tafiya a ƙasa kafin ya ƙone kalorin da ya ci. Alal misali gwangwanin lemon nan da muka ambata, mai kalori wajen 140, zai buƙaci tafiyar kimanin rabin sa'a da ɗan sauri. Game da kafeyin kuwa, abin da masana suka tsayar shi ne kada baligi ya wuce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. A nan sai mu tunatar da dattawanmu cewa goro ma yana ɗauke da wannan sinadari, kuma shi ba ya zuwa da rubutu, don haka wanda ke haɗa goro da shayi da gahawa ya san cewa duk asusu ɗaya suke shiga.

Tambayar da mai sauraro zai yi ita ce, shin duk wannan rubuce-rubuce yana sauya halin mutane kuwa? Amsar masana ita ce yana sauyawa, amma kaɗan. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a farkon 2025, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya gano cewa rubuta kalori na sa mutane su rage abin da suke zaɓa da kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai, wato kimanin kalori 11 a abinci mai kalori 600. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ga cewa akwati mai ƙananan lambobi a bayan fakiti bai wadatar ba, gara a sa alama a gaba wadda ido zai gani nan take. Birtaniya na amfani da launukan fitilar kan hanya, ja da ruwan ɗorawa da kore. Faransa ta ɓullo da tsarin haruffa biyar a 2017. Ƙasar Chile kuwa a 2016 ta tilasta buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk abincin da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ko kalorinsa ya yi yawa, kuma bincike ya nuna cewa sayen kayan sha masu irin wannan tambari ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu bayan fara aiki da dokar, wadda ta haɗa har da taƙaita talla ga yara. Saudiyya ta ɗauki tsarin launukan ne a 2018 a matsayin na ganin dama ga kamfanoni, shi ya sa za ka gan shi a jikin wasu kaya, wasu kuma babu. Inda ka gan shi, ja na nufin abin ya yi yawa, kore kuma kaɗan ne. Inda babu, kana iya aro ma'aunin Birtaniya: a cikin giram 100 na abinci, sukarin da ya wuce giram 22.5 ya yi yawa, haka gishirin da ya wuce giram 1.5, da kitsen da ya wuce giram 17.5.

Har ila yau akwai inda dokar rubutu ba ta isa. Tsiren nan namu da ya samu karɓuwa a Makka da Jidda har Larabawa suka ara sunan, da ƙosai da waina da kunu da zoɓo da ake yi a gida ana sayarwa a unguwa, babu mai buga musu akwatin alƙaluma. Haka ma kayan da ake ɗauro wa mutum daga gida a ƙulle cikin leda. A nan hankalin mai dafawa da na mai ci su ne ma'auni, wato a rage sukarin zoɓo da kunu, a rage gishirin yaji, a kuma guji maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi. Sannan ga matsalar harshe da ƙanƙantar rubutu. Wanda ya yi karatun allo zai iya haɗa baƙaƙen Larabcin, kuma kalmomin da muka ambata ba su da yawa, ana iya haddace su a zama ɗaya. Dattijon da idonsa ya yi rauni kuwa, ɗansa ko jikansa ɗan makaranta zai iya karanta masa, ta haka yaron shi ma ya koya.

Kada kuma a manta da jerin abubuwan da aka haɗa abincin da su, wato mukawwinat. Ƙa'ida ita ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan ka ga sukkar a matsayi na ɗaya ko na biyu a jikin abin da ake tallatawa a matsayin abincin karin kumallon yara, to ka san alewa ce ka ɗauko. A nan ne kuma ake ambata abubuwan da jikin wasu ba ya so, kamar gyaɗa da madara da ƙwai da alkama. Wanda ya ci karo da kayan da wa'adinsu ya wuce ko waɗanda ba su da bayani, hukumar SFDA na da lambar karɓar ƙorafi ta 19999, tana kuma da manhajar wayar salula mai suna Tameni da ake duba bayanan kaya da ita.

A can gida ma an fara bin wannan sahu. A Najeriya hukumar NAFDAC ta fitar da sabbin ƙa'idojin rubutun kayan abinci na shekarar 2022, tare da wata ƙa'idar da ta ƙayyade jirkitaccen kitse kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai ko kitse, kana dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Ke nan abin da mazaunin Jidda ya koya a gaban kantar baƙala zai yi masa amfani a Kasuwar Sabon Gari, haka su ma alhazai da masu zuwa Umara da ke cika jaka da alewa da biskit da garin lemo a matsayin tsaraba, yana da kyau su riƙa juya bayan kwalin kafin su biya.

A taƙaice dai mai sauraro, idan ka ɗauki fakiti, fara da girman kaso ka ga kaso nawa ne a ciki. Raba giram ɗin sukari gida huɗu ka san cokali nawa ne. Ninka sodiyam sau biyu da rabi ka san gishirin. Dubi kitse mai daskarewa, sannan ka leƙa abubuwa ukun farko a jerin kayan haɗi. Idan kaya biyu ne a gabanka, gwada su a kan giram 100 ka ɗauki mai sauƙin. Aikin bai fi na minti ɗaya ba, kuma da zarar ka san kayan da ka saba saye, ba sai ka riƙa maimaitawa kullum ba. Wanda kuma likita ya riga ya tabbatar masa da ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda, ya tafi da fakitin abin da ya fi yawan ci zuwa asibiti a ranar ganin likita, domin a nuna masa adadin da ya dace da shi. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani a kan wannan batu ko wani fanni na kimiyya, ƙofa a buɗe take, sai ya aiko mana. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.